Gejin Mai Ya Yi Ƙarya: Yadda Gwanayen Jidda ke Kamo Laifin

A Jidda tsohuwar a-kori-kura ba ta ritaya. Da asuba tana Bangala, kasuwar kifi ta bakin teku, an jibga mata akwatunan ƙanƙara. Da hantsi tana Halaga tana lodin tumatir da albasa. Da la'asar ga ta nan ta fito daga kasuwar dabbobi ta Khumra da raguna a baya. Da yawansu Hilux ne, motar da Toyota ta fara ƙerawa a 1968, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a nan Jidda ne hedikwatar Abdul Latif Jameel, dillalin Toyota a Saudiyya tun 1955. Bayan su sai tsofaffin Datsun da Isuzu, da GMC da Ford na Amurka jefi-jefi.

Injin irin waɗannan motoci yakan kai shekara ashirin ko talatin yana aiki. Abin da kan riga shi gajiya shi ne ƙananan abubuwa, kuma cikinsu babu mai ɗaga wa direba hankali kamar gejin mai. Wata ran allura ta kwanta a ƙasa alhali yanzu aka cika tanki. Wata ran ta maƙale a sama ta ƙi sauka. Wata ran kuma ta yi ta rawa, mota na hawa gada ta ce rabi, tana gangarowa ta ce babu. A da, lokacin da litar fetur mai lamba 91 take halala 75, direba bai damu ba: duk gidan man da ya gani sai ya ce a cika. Amma a watan Janairun 2018 farashin ya koma riyal 1.37, daga watan Yulin 2021 kuma aka tsayar da shi a riyal 2.18. Mai ɗaukar kaya yanzu na riyal ashirin ko talatin yake sha, wato kullum a gindin tanki yake rayuwa, inda ƙaryar geji ta fi tsada. Tsakanin Jidda da Madina tafiyar ta haura kilomita 400, kuma wanda mai ya yanke masa a wannan hanya da tsakar ranar bazara ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai maganin wannan matsala shi ne mai wayarin ɗin mota. A garejojin Jidda akwai 'yan Yaman da Pakistan da Masar da Sudan a wannan sana'a, akwai kuma Hausawan Nijeriya da Nijar, ciki har da waɗanda aka haifa a nan. Masu sana'ar suna da yawa, gwanayen ne kaɗan. Kuma gwani ba a gane shi da yawan kayan aiki. Ana gane shi ne da jerin da yake bi, domin ba ya kwance noti ko ɗaya sai motar ta nuna masa inda ciwon yake.

Abu uku ne kawai

Duk tsarin gejin mai a tsohuwar mota abu uku ne: na'urar da ke cikin tanki, gejin da ke gaban direba, da wayar da ta haɗa su.

Ta cikin tanki a garejojin Jidda awwama ake ce mata. Kusan iri ɗaya take da wadda ke cikin tankin ruwan gida, mai rufe famfo idan ruwa ya cika: ƙwallo mara nauyi yana iyo a saman mai, an ɗaura shi a bakin siririn hannu na ƙarfe. Bambancin yana can gindin hannun. A nan akwai ɗan harshe na ƙarfe da ke gogar wani faifai mai naɗaɗɗiyar waya ko zanen layuka. Idan ƙwallon ya hau ko ya sauka, harshen ya canza wuri, sai tsawon hanyar da wuta za ta bi ya ƙaru ko ya ragu. Wannan turjiya da wuta ke gamuwa da ita, wadda ake aunawa da om, ita ce kaɗai saƙon da tanki ke aikawa gaba.

Geji kuma iri biyu ne a tsofaffin motoci. Akwai mai aiki da zafi: an manne ƙarafa biyu da zafi ba ya miƙar da su daidai, an naɗe su da waya, wuta na ƙaruwa sai su lanƙwashe su tura allura. Shi ne wanda idan ka kunna makulli allurarsa ke tashi a hankali kamar ba ta so. Akwai kuma mai aiki da maganaɗisu, inda naɗin waya biyu ke jan allurar, kowanne gefensa. Mai aiki da zafi yana buƙatar wuta tsayayya, don haka akan sa masa ɗan abin daidaita wuta a bayan allon, kuma sau da yawa shi da gejin zafin inji suke raba shi.

Hanyar komowar wuta ita ce ƙarfen jikin motar kanta. Daga awwama akwai waya ko noti da ke manne da shasi, daga nan wutar ta koma batir. Mutane kan manta da wannan ɓangare saboda ba a ganinsa, alhali laifi da yawa a nan yake ɓoye.

Tambaya kafin sifana

Direba ya shigo yana cewa, "Maigida, gejin nan ya mutu, a canza min awwama kawai." Wanda bai ƙware ba sai ya ce to, ya ɗauko jak. Gwani kuwa zai jawo masa kujera.

"Alhaji, a ina allurar ke tsayawa? Tun yaushe? Dare ɗaya ta mutu ko a hankali ta fara? Gejin zafi fa, lafiyarsa ƙalau? An taɓa sauke tankin nan kwanan nan? Kun shiga ruwa?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kowace amsa tana rage wa gwanin hanya. Idan gejin mai da na zafi tare suka mutu, ko tare suka haura sama, ba ruwan tanki: ko fiyus ne, ko abin daidaita wutar da suke rabawa, ko wayar allon. Idan allura tana aiki daidai daga cike zuwa rabi, sai ta faɗi ƙasa kwatsam, daga baya ta dawo, faifan awwama ne ya cinye a wannan wuri. Idan ta tsaya cak a wuri ɗaya ko an ƙara mai ko an rage, hannun ne ya maƙale, wataƙila dutse ya lotsa gindin tanki. Idan matsalar ta fara ne washegarin da aka yi wa motar walda ko fenti, to wani ne ya manta bai mayar da waya ba. Kafin shayi ya huce, abubuwa goma da ake zargi sun koma biyu ko uku.

Daga nan sai ya fara da mafi araha. Fiyus tukuna, kuma ba da ido kaɗai ba, don yakan tsinke a inda ba a gani. Fitilar gwaji zai ɗora masa gefe da gefe.

Raba hanya biyu

Gwajin da ya fi nuna basirar sana'ar nan bai fi minti biyar ba. Gwanin zai shiga ƙarƙashin mota ya lalubo soket ɗin da ke saman tanki ya cire. Yaronsa na zaune a kujerar direba.

"Kai, murɗa makulli, kar ka tayar. Me ka gani?"

"Tana ƙasa, Maigida."

Sai ya ɗauki wayar da ta taho daga geji ya haɗa ta da jikin mota ta cikin ƙaramin ƙwan fitila. Ƙwan nan shi ne kariyar geji, domin wanda ya haɗa wayar kai tsaye ya bar ta, musamman a geji mai aiki da zafi, zai iya ƙona shi ya mayar da ciwo ɗaya biyu.

"Yanzu fa?"

"Tana hawa."

"Kashe."

Shi ke nan, an raba gardama. Tunda allura ta amsa, geji lafiyarsa ƙalau, wayar da ta taso daga gaba zuwa baya ita ma lafiya. Laifin yana tanki ko a mahaɗarsa da jikin mota. Da allurar ba ta motsa ba, sai ya koma bayan allon ya maimaita gwajin a ƙafar gejin kanta: idan ta amsa a can, waya ce ta katse a hanya, idan ba ta amsa ba, gejin ne ko wutar da ke shigar masa. Kowane gwaji yana yanke rabin abin da ya rage. Da haka mota mai tsawon mita biyar take komawa taki ɗaya da za a bincika.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma a kansa ake gane wanda ya san aiki da wanda ya haddace. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan lissafi ɗaya ba. A yawancin tsofaffin Toyota, tanki cike yana ba da wajen om 3, babu komai kuma wajen om 110. Ford kafin 1987 haka take tafiya ita ma, om 10 a cike, 73 a wofi. Amma GMC da Chevrolet daga 1965 har cikin shekarun 1990 akasin haka ne: sifili a wofi, 90 a cike. Ford ma daga 1987 ta juya, 16 a wofi, 158 a cike. Ma'ana, wayar da ta goge ta taɓa shasi za ta sa allurar Hilux ta kafe a sama, ta sa ta GMC ta kwanta a ƙasa. Wayar da ta katse kuma ta kwantar da ta Hilux, ta harba ta GMC ta wuce cike. Alama ɗaya, fassara biyu. Gwani kan duba tambarin gaban mota kafin ya yanke hukunci, kuma waɗannan lambobi a kansa suke, ba sai ya buɗe littafi ba.

Abin da Jidda ke yi wa waya

Kowane gari da irin cutar da yake sa wa mota. Ta Jidda ita ce danshi da gishirin Bahar Maliya. Soket ɗin saman tanki yana wurin da ƙura ke taruwa, iska mai laima ta jiƙa ta, tagullar ciki ta yi kore, notin da ya manne waya da shasi ya yi tsatsa. Motar da ke jigilar kifi ta fi kowa shan wahala, tunda ruwan ƙanƙara mai gishiri kullum yana tsiyaya ta ƙasan bodi, daidai kan tanki. Ga kuma ambaliya. Ta ranar 25 ga Nuwamba 2009 ta hallaka mutum fiye da ɗari ta kuma tafi da dubban motoci, an sake yin wata a Janairun 2011, sannan ranar 24 ga Nuwamba 2022 aka yi ruwan da ya kai milimita 179 cikin sa'o'i shida a kudancin birnin. Motar da ta tsira daga irin wannan ruwa takan ci gaba da tafiya, amma ruwan da ya shige cikin soket yana nan yana ci a hankali, sai bayan watanni geji ya fara shirme.

Tsatsa ƙarin turjiya ce. A Toyota tana sa allura ta nuna ƙasa da abin da ke tanki, wanda abin haushi ne kawai. A GMC kuwa tana sa ta nuna fiye da abin da ke akwai, kuma wannan ne ke ajiye mutum a bakin titi. Don haka kafin ya zargi awwama, gwanin kan ɗauko doguwar waya mai baki biyu, ya maƙala ɗaya a kan murfin awwama, ɗaya a wurin da ya kankare a shasi har ƙarfe ya yi fari. Idan allura ta zabura ta koma daidai, aikin ya ƙare: a goge da sanfefa, a ɗaure, a shafa giris. Direban da ya zo da niyyar sayen sabon kaya sai ya tafi bai kashe komai ba sai ladan hannu.

Man kansa yakan yi ɓarna. Farar wuta da ke cikin fetur tana cin azurfar da ake shafa wa harshen awwama. A watan Mayun 2004 an sayar da fetur mai yawan farar wuta a jihohin Florida da Louisiana na Amurka, gejin motoci masu yawa ya lalace, har aka dakatar da sayar da mai a ɗaruruwan gidajen mai. Abin da ya faru can cikin 'yan kwanaki, shi ne ke faruwa a tsohuwar mota sannu a hankali cikin shekaru.

Idan waya da mahaɗa duk sun fita daga zargi, saura awwama, kuma ko ita ana iya yi mata tambaya tana cikin tanki. Gwanin zai ɗora mitar auna turjiya a ƙafafunta ya karanta. Sannan ya ce yara biyu su kama bodi su jijjiga motar hagu da dama. Man da ke ciki zai yi ta kai-komo, ƙwallo ya bi shi, lambar mita ta yi ta hawa da sauka. Idan lambar ta tsaya ƙyam, ko hannu ya maƙale ko ƙwallo ya nitse. Idan tana ɓacewa tana dawowa, faifai ya cinye.

Ranar buɗe tanki

Sai a nan ne ake taɓa sifana, kuma a nan ne wasa ke ƙarewa. Fetur yana fitar da tururin da ke kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Jidda. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari idan an buɗe shi, saboda tururi ne ya cika shi yana gauraya da iska. Gwani zai cire kan batir, ya kori mai sigari da mai walda, ya tura motar inda iska ke kaɗawa. Idan zoben murfin sai an buga, da guntun tagulla ko katako zai buga, don ƙarfe kan ƙarfe na haifar da tartsatsi.

A-kori-kura tana da sauƙin da ƙaramar mota ba ta da shi. Maimakon a sauke tanki, wanda idan akwai lita 60 a ciki man kaɗai ya kai kilo 45, ana iya kwance notunan bodi, a cire bakin zuba mai da wayar fitilun baya, mutum huɗu su ɗaga bodin su ja shi baya. Ga saman tanki a fili, ana aiki a tsaye. Wanne ya fi sauƙi ya danganta da tsatsar notuna da yawan man da ke ciki, kuma gwani kan auna wannan da kallo ɗaya.

Fito da awwama ma sai da lallashi. Ramin ƙarami ne, hannun dogo ne mai lanƙwasa, sai an karkata an juya kafin ƙwallon ya fito. Wanda ya fizga zai lanƙwasa hannun ya ɓata ma'aunin. Da ta fito, abu na farko da gwanin zai yi shi ne ya kai ƙwallon kusa da kunne ya girgiza. Idan ya ji ruwa na motsi a ciki, ya huje, mai ya shige, shi ya sa ya nitse yake cewa babu. Na soso kuma nauyinsa ake ji a tafin hannu. Daga nan sai ya ɗora mita ya ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama. Tsofaffin hannu da yawa sun fi son mita mai allura a wannan gwaji, domin ɗan tsallen da za ta yi a inda faifai ya mutu ido na kama shi, alhali lambobin mita na zamani kan wuce shi. Sau da yawa wurin da ya cinye yana nuna halin mai motar: wanda kullum na riyal ashirin yake sha, ƙasan faifansa ne ke gogewa, saman na nan sabo fil.

Gyara ko canji

Abin da ake iya cetowa ana cetowa. Faifan da ya yi dauɗa a wanke shi. Harshen da ya saki a ɗan matsa shi ya koma yana taɓawa. Ƙwallon da ya huje a sa wani. A motoci masu famfon mai a cikin tanki, inda awwama da famfo suke a jiki ɗaya, mai shago zai so ya sayar maka da duka, gwani kuwa zai cire awwamar kaɗai ya bar famfon da ke da lafiya. Awwamar da wayarta ta tsinke kam sai canji, kuma idan sabuwa ta yi wuya sai a nufi makabartar motoci. Gwani ba ya zuwa can ba mita a aljihu. A gaban mai sayarwa zai auna ta sama da ƙasa kafin ya biya, saboda awwama biyu na iya zama kamar an tsaga kara a ido, lissafinsu kuwa ya sha bamban. Wanda ya sa ta om 0 zuwa 90 a motar da gejinta ke jiran 110 zuwa 3, allurarsa za ta yi tafiya a juye, tana hawa yayin da mai ke ƙarewa.

Bayan an mayar, da sabon robar murfi don kada tururi ya riƙa fita, saura gwajin ƙarshe. A zuba man da aka san yawansa, misali lita 10, a ga inda allura ta tsaya, sannan a je gidan mai a cika a sake dubawa. Ba dole rabin allura ya zama rabin lamba ba, don a tsofaffin Toyota rabin tanki wajen om talatin da 'yan kai yake bayarwa, kuma siffar tankin kanta ba murabba'i ba ce. Abin da gwani ya fi kula da shi shi ne ƙasa: yakan saita hannun yadda allura za ta taɓa layin ƙarshe alhali da sauran 'yan litoci a tanki. In dai geji zai yi kuskure, gara ya yi shi ta gefen da zai kai direba gidan mai.

Daga ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina, Gulail, Petromin, Sabil da Hindawiyya, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, kuma ƙananan garejoji da yawa sun tafi tare da su. An gina sabuwar unguwar masu gyaran mota a Usfan, can wajen gari. Mai injin ɗaga mota da mai fenti sun sha wahalar ƙaura. Mai wannan sana'a kuwa kayansa jaka ɗaya ce: mita, fitilar gwaji, waya mai baki biyu, sanfefa. Sauran yana kansa. Sababbin motoci ma, da kwamfuta ke karɓar saƙon tanki kafin ta miƙa wa allon, har yanzu yawancinsu ƙwallo da hannu da faifai ne a cikin tankinsu, kuma na'urar bincike iyakarta ta ce layin awwama na da matsala. Ba za ta faɗa maka ko soket ne ya yi kore ko waya ce ta goge ba. Yaron da ya koyi raba hanya biyu a ƙarƙashin tsohuwar Hilux zai ci abinci da wannan ilimi a kan motar bana.

Ga mai mota kuma, hanyar gane hannun da ya dace ba ta da wuya. Idan ka kai gejin da ya lalace aka ce maka a sauke tanki tun ba a tambaye ka komai ba, ba a cire soket an ga yadda allura ke amsawa ba, ka yi godiya ka ƙara gaba. Kafin ka samu gwanin, ka riƙa mayar da ma'aunin kilomita sifili duk lokacin da ka cika tanki, ka san iyakar tafiyar da cikawa ɗaya ke kai ka, ka kuma sha mai tun da sauran rata.